Shirin Kanibal na Tirinidad: Kundin Aiki

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

An amince da shirin rediyon. Kashi shida ne, kowanne minti 25, a kan tarihin bikin Kanibal na tsibirin Tirinidad, kuma ana so kashin farko ya fita kafin bikin baɗi, wanda ya faɗo ranakun Litinin da Talata, 3 da 4 ga Maris. Mu uku ne a kan aikin: ni ne mai rubutu da gabatarwa, sai injiniyan sauti, sai wata abokiyar aikinmu da za ta karanta sassan da suka shafi mata.

A wurin zaman, shugabar sashenmu ta yi tambayar da na san masu sauraro za su yi. Ta ce, "Malam, ba bikin nan ba ne da ake yawo kusan tsirara da gashin tsuntsu a ka?" Na ce, "Shi ne, Hajiya. Amma wannan saman ruwan ne kawai." Abin da nake so a ji shi ne labarin 'ya'yan bayi da suka yi fiye da shekara ɗari suna ja-in-ja da hukuma a kan abu biyu, wato ikon fitowa titi da ikon yin kiɗa. An hana su ganga sun koma gora, an tsane gora sun koma ƙarfe. A kan wannan zaren zan ɗinka kashi shidan.

Tirinidad na can ƙarshen kudancin tsibiran Karibiyan, dab da gaɓar Benezuwela. Ita da Tobago ƙasa ɗaya ce mai mutane kusan miliyan ɗaya da rabi, ta sami 'yanci daga Ingila ranar 31 ga Agusta, 1962.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Rubutun kashi na ɗaya ya kammala. Na fara daga 1783, domin kafin nan Sifaniyawa sun daɗe da tsibirin a hannu ba tare da sun yi wani abin kirki da shi ba. A wannan shekarar Sarkin Sifaniya ya fitar da doka mai gayyatar duk wani ɗan ɗarikar Katolika ya zo ya zauna. Bature zai sami eka 32, a kuma ƙara masa rabin haka a kan kowane bawa da ya zo da shi. Wato yawan bayinka yawan gonarka. Faransawa masu gandayen rake suka kwararo daga Matinik da Giranada da Gwadaluf da bayinsu da harshensu da al'adarsu ta shagali kafin azumin Kiristoci na kwana 40. Ingila ta ƙwace tsibirin a 1797, amma harshen talakawa da bikin suka ci gaba da zama na Faransawa.

A wancan zamanin bikin na masu gida ne. Daga Kirsimeti har zuwa Larabar Toka, ranar da azumin ke farawa, ana liyafa, ana raye-raye a manyan gidaje, ana shigar burtu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin shigar da suke so. Mazan Turawa kan shafa baƙi su yi shigar bawan gona, su ɗauki bakin wuta suna kwaikwayon yadda ake tattaro bayi da dare idan gonar rake ta kama da wuta, a kora su da bulala su sare raken kafin ya lalace. Wahalar wani ce ta zama abin nishaɗin wanda ya ɗora masa ita. Na nemi injiniya kada ya sa kiɗa a ƙarƙashin wannan sashen, a bar muryar ita kaɗai.

An soke bauta ranar 1 ga Agusta, 1834, amma aka tilasta wa bayin ci gaba da aiki da sunan koyon sana'a har zuwa 1 ga Agusta, 1838. Daga nan suka ɗauki wannan kwaikwayon na gobarar rake suka mayar da shi nasu, da wutarsu da gangunansu da sandunansu. Shi ne ake kira Kambule. Turawan suka ja jiki suka koma gidajensu, jaridunsu kuma suka shiga kukan cewa 'yan iska sun lalata biki.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Kashi na biyu ne zuciyar shirin, shi ya sa nake ta jan ƙafa a kansa.

Zuwa shekarun 1860 da 1870 bikin ya koma hannun mazauna gidajen haya na gabashin Port of Spain, babban birnin tsibirin, inda iyalai da yawa ke cunkushe a tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Kowace unguwa na da ƙungiyarta, kowace ƙungiya na da gwanayen faɗan sanda da ake kira kalinda. Sandar ta icce mai tauri ce, tsawonta ya haura mita ɗaya, kuma ana yin faɗan ne a cikin da'ira ana kiɗa, har sai an fasa kan wani jini ya zuba. A gaban kowace ƙungiya akwai mawaƙi mai bayar da waƙa ana amsawa. Aikinsa irin na makaɗin 'yan dambe ne: ya zuga nasa, ya ci mutuncin na abokan gaba, ya tuna wa jama'a waɗanda aka kayar bara. Mata da yawa sun yi wannan waƙar, wasu ma sun riƙe sanda. Daga bakin waɗannan mawaƙan ne kalifso, shahararriyar waƙar tsibirin, ta fito.

A 1877 aka naɗa Kyaftin Arthur Baker shugaban 'yan sanda, ya kuma ƙudiri aniyar kashe Kambule. A 1880 ya yi musu ba-zata, ya karɓe sanduna da wuta ba tare da an yi wani artabu ba. Da shekara ta zagayo sai ƙungiyoyin da ba sa ga-maciji da juna suka ajiye gabarsu suka haɗa kai. A tsakar daren da ya wayi gari Litinin, 28 ga Fabrairu, 1881, 'yan sanda suka far musu, su kuma suka tare su da sanduna da duwatsu da kwalabe. An ji wa 'yan sanda da dama ciwo. Washegari Gwamna Sanford Freeling ya killace 'yan sandan a bariki, ya fito da kansa ya yi wa jama'a magana, ya ce su yi wasansu muddin za su kiyaye zaman lafiya. Suka kiyaye.

Nasarar ba ta daɗe ba. A 1884 aka kafa dokar da ta hana yawo da wuta, ta hana ganga, ta hana taron masu sanda. An yi arangama a kudancin tsibirin, a San Fernando da Princes Town, an rasa rayuka. Na yanke shawarar ƙara wani abu da ba ya cikin tsarin farko: ranar 30 ga Oktoba na wannan shekarar, hukuma ta buɗe wuta a kan jerin gwanon Hosay a San Fernando, wato bikin Muharram na 'yan Indiya da aka fara kawowa aikin rake tun 1845. An kashe mutane, an jikkata da yawa. Hannu ɗaya ne ya bugi baƙar fata a watan Fabrairu ya bugi 'yan Indiya a watan Oktoba, kuma tsoro ɗaya ne, na ganin talakawa sun cika titi. Ba zan ba da labarin ɗaya in bar ɗaya ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Abokiyar aikina ta tambaya ko akwai Hausawa a cikin wannan tarihin. Akwai. Daga 1841 zuwa shekarun 1860 an kawo 'yan Afirka da jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi, aka biyo da su ta Saliyo da tsibirin Santa Helena. Yarbawa da mutanen Kwango sun fi yawa, amma har da Hausawa. Farfesa Maureen Warner-Lewis ta bi tsofaffin jikokinsu ta naɗi abin da ya rage a bakinsu na waƙoƙi da kalmomi, ta tattara a littafinta na 1991. Tun kafin nan ma akwai jama'ar Musulmi Mandinka a Port of Spain ƙarƙashin Jonas Mohammed Bath, waɗanda ke tara kuɗi suna fansar 'yan'uwansu daga bauta, har suka rubuta wa hukumar Ingila suna neman a mayar da su gida.

Zan ba su minti huɗu a kashi na biyu, in tsaya iya nan. Akwai kwaɗayin a ce mu muka kai musu kaza da kaza, kuma na san hakan zai yi wa mai sauraro daɗi. Bikin na mutanen Tirinidad ne, su suka zubar da jini a kansa. Ya ishe mu mu san cewa wasu daga cikin kakanninmu sun tsaya a gefen titunan nan.

Asabar, 7 ga Disamba

Da aka hana ganga mai fata, sai matasa suka shiga daji suka saro gora. Sukan yanka ta tsayi daban-daban: doguwa mai kauri a riƙa dukan ƙasa da ita ta ba da babbar murya, gajeru a riƙa gwara su da juna ko a buga da ƙaramin icce, a haɗa da kwalba da cokali. Da wannan aka yi ta raka ƙungiyoyi har cikin shekarun 1930. Matsalar gora ita ce tana tsagewa tun tafiya ba ta yi nisa ba, 'yan sanda kuma suna kallonta a matsayin makami. Idan ta fashe a tsakiyar titi, yaro sai ya rarumi abin da ya samu, murfin bola ko gwangwanin fenti ko garwar biskit ko ƙarfen birkin mota. A haka aka gano cewa inda ƙarfe ya lotsa muryarsa takan canja.

An dakatar da bikin daga 1942 zuwa 1945 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a waɗannan shekarun ne samarin unguwannin Laventille da John John da Woodbrook na Port of Spain suka duƙufa a bayan gidaje suna ƙwanƙwasa. Ranar da aka yi murnar ƙarewar yaƙi a Turai, cikin Mayun 1945, suka fito da abin da suka ƙera. Tirinidad ƙasar man fetur ce, ga kuma sansanin sojan ruwan Amurka a Chaguaramas, saboda haka duron mai bai yi wuyar samu ba. Ana danganta wa Winston Simon, wanda aka fi sani da Spree, fitar da waƙa sosai daga ƙarfe, Ellie Mannette kuma shi ya shahara da lotsa gindin babban duro ya koma kamar kwano, Anthony Williams ya tsara muryoyin a zagaye.

Rediyo kunne ne, don haka na ga ya kamata mai sauraro ya ji yadda duro ke komawa abin kiɗa. Yau mun kai duro wurin wani dattijon maƙeri. Na nuna masa bidiyo a waya, ya kalla har ƙarshe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Yaro, lotsawar ba wuya. Muryar ce aikin." Na ce, "Baba, ko murya uku muka samu ta ishe mu." Ya karɓa. Tsarin kamar yadda maƙeran can ke yi: a kifa duron a daki gindin da guduma har ya zurma, a zana wurin kowace murya a kewaye ta da kwarmi, a yanke jikin duron gwargwadon muryar da ake so, a ɗora a wuta, sannan a zauna da ƙaramar guduma ana saitawa. Injiniya ya naɗi dukan farko, kuma da shi za mu buɗe kashi na uku.

Talata, 31 ga Disamba

Jiya gwamnatin Tirinidad da Tobago ta kafa dokar ta-ɓaci saboda kashe-kashen ƙungiyoyin 'yan daba. Ba a sa dokar hana fita ba. Abin ya taɓa ni, domin wasu unguwannin da ake ambata su ne dai waɗanda nake rubutu a kansu tun Oktoba. Zan sa wannan a kashi na shida. Talaucin da ya haifi gangar ƙarfe bai bar tudun Laventille ba.

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Labari mai daɗi ya zo a kan gaɓa. A cikin watan nan majalisar ƙasar ta amince a cire jiragen ruwan Kolombus guda uku daga tambarin ƙasa, a sa gangar ƙarfe a gurbinsu. Dole na sake rubuta ƙarshen kashi na uku. Jerin yanzu ya zama haka a bakin mai gabatarwa: a shekarun 1940 mai buga ƙarfe ɗan daba ne a idon jama'a, iyaye na hana 'ya'yansu mata kula shi, ƙungiyoyi na sarar juna idan suka haɗu a mararraba. A 1951 aka zaɓo gwanaye daga ƙungiyoyin aka tura su wani babban biki a Landan. A 1963 aka fara gasar Panorama, inda yau ƙungiya ɗaya kan tara makaɗa sama da 100, mafi yawansu da ka suke riƙe kiɗan. A 1992 Firaminista Patrick Manning ya ayyana gangar a matsayin abin kiɗan ƙasa, a 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 11 ga Agusta, a 2024 aka mayar da matsayin nata doka.

Baba maƙeri ya fitar da murya huɗu. Biyu sun fita tas, ɗaya tana rawa, ɗaya kuma idan an buge ta maƙwabciyarta na amsawa. Ya ce kwarmin da ke tsakaninsu ne bai yi zurfi ba. Na ce a bar ta haka. Za mu sa tamu, sannan mu sa ta gwanayen can, mai sauraro ya ji tazarar da kunnensa, ya san abin da yaran nan suka cim ma ba makaranta ba malami.

Kashi na huɗu, na kalifso, bai ba ni wahala ba. An fara naɗar kiɗan a faifai a New York a 1912, rumfunan waƙa suka kafu a shekarun 1920, a 1934 hukuma ta ba 'yan sanda ikon tace baitoci kafin a rera. Duk da haka mawaƙi Raymond Quevedo ya ci zaɓen majalisar dokoki a 1950. Mighty Sparrow ya ɗauki kambin Sarkin Kalifso a 1956, Calypso Rose kuma da ta ci a 1978 sai da aka canja sunan sarautar don ya dace da mace. Abokiyar aikina ce za ta karanta wannan sashen. Abin da ya rage shi ne izinin sa waƙoƙin, kuma mun aika takarda.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Mun yi doguwar muhawara a ofis a kan kashi na biyar, wato na shiga da sutura. Injiniya na ganin mu tsallake zancen gashin tsuntsu da ƙyalƙyali gaba ɗaya, mu tsaya ga tsofaffin dodanni. Ban yarda ba. Mai sauraro na da waya, idan muka ɓoye abin da ya riga ya gani ba zai gaskata sauran ba.

Tsofaffin dodannin sun cancanci lokaci mai yawa, kuma za su samu. Akwai Jab Molassie, wanda kan shafe jikinsa da baƙin ruwan rake mai kauri ko baƙin mai, wani na riƙe da shi da sarƙa, ana buga masa garwa. A ƙauyen Paramin da ke kan tudu shuɗi suke shafawa suna fesa wuta da baki. Akwai Midnight Robber mai faffaɗar malafa da usur, wanda kan tare mutum ya yi ta zuba kirarin ɓarnar da ya yi da ta kakanninsa har a ba shi kuɗi. Dame Lorraine kwaikwayon matan masu gandu ce, da cikon ƙirji da na baya da laima. Baby Doll na ɗauke da 'yar tsana tana nuna maza a cikin taro tana cewa ga uban ɗanta. Sai Moko Jumbie mai tafiya a kan dogayen ƙafafun itace, wanda ya kusa ɓacewa kafin Glen de Souza ya shiga koya wa yaran Cocorite a shekarun 1980. Kowannensu na ɗauke da wata tsohuwar ƙara da ba a taɓa saurara a kotu ba. Zan kuma ambaci George Bailey, wanda a 1957 ya fito da ƙungiya cikin shigar sarakunan Afirka a lokacin da ake nuna Afirka da tsumma, da Peter Minshall, wanda aikinsa ya kai shi har bukukuwan buɗe gasar Olamfik ta 1992 da ta 1996.

Game da manyan ƙungiyoyin yau, zan faɗi ra'ayina a fili. Tsiraicin bai kwanta mini ba, kuma a can ma akwai malaman coci da na masallaci da dattawan bikin da ke kuka da shi. Amma abin da ya fi ci mini rai igiya ce. Mutum kan biya kuɗi mai yawa ya sayi sutura da abinci da abin sha a dunƙule, yawancin kayan ma daga waje ake shigo da su, sannan a ɗauki ma'aikata su riƙe doguwar igiya a kewaye da masu biya don kada wanda bai biya ba ya kutsa. Masu riƙe igiyar galibi 'ya'yan unguwannin da suka tare Kyaftin Baker ne. Abin da ya rage na kowa da kowa shi ne Juve, fitar asubahin Litinin da ƙarfe 4, lokacin da ake shafe jiki da taɓo da fenti har ba a gane mai kuɗi da talaka, kodayake shi ma an fara sayar da tikitinsa.

Mun rabu a kan cewa za a yi zancen duka biyun, tsofaffin dodanni minti 16, na zamani minti 9.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Kashi na ɗaya ya fita ranar Lahadin da ta wuce. Saƙonnin da suka shigo sun rabu: wasu na tambayar abin da ya kai mu ga bikin da ba namu ba, wasu kuma sun ce ba su taɓa jin cewa an raba gona gwargwadon yawan bayi ba. Wani malamin makarantar sakandare ya nemi a ba shi rubutun don ɗalibansa, Hajiya ta amince.

Yau shekara 144 cif da daren Kyaftin Baker. Kowace Juma'ar da ke gaban bikin, tun kafin gari ya waye, ana sake kwaikwayon artabun a Piccadilly Greens da ke gabashin Port of Spain, da wuta da ganguna da masu shigar 'yan sanda. Tsakaninmu da su awa biyar ne, saboda haka da hantsi muka zauna a ofis muka kalla ta intanet, injiniya na rubuta mintunan da zai nemi izinin amfani da sautinsu.

Kashi na biyu da na uku sun gama tacewa. Na huɗu na jiran amsar izinin waƙoƙi, idan ba ta zo ba zuwa Laraba za mu karanta baitocin da baki. Na biyar ba a naɗa ba tukuna. Na shida ko rubutawa ban gama ba: zai ɗauki shekarar 1972 da aka ɗaga bikin zuwa Mayu saboda cutar shan-inna, da 2021 da korona ta hana shi, da yadda 'yan ci-ranin Karibiyan suka kai shi Notting Hill ta Landan da Toronto, har ya zama abin koyi ga na Kalaba da aka fara a 2004. Yau da daddare ake duban watan Ramadan, don haka daga mako mai zuwa naɗar murya ta koma bayan sallar asham.